Wa Ke Gadin Numfashin Ɗan Talaka In An Sa Shi Barci A Asibiti?

Jama'a, akwai wata magana guda wadda in likita ya faɗe ta sai ka ga uban yaro ya sunkuyar da kai, uwar kuwa ta fara gyara goyo tana duban ƙofa. Maganar nan ita ce, "Sai mun sa shi barci kafin mu duba idon." An sha wahalar mota, an yanki kati, an bi layi tun da sassafe, amma da jin zancen barci sai a ce wa likita za a koma gida a yi shawara da dangi. Shawarar nan kuwa ba ta ƙarewa. Wani yaron ba a sake ganinsa a asibiti sai bayan wata shida ko shekara, ido ya riga ya kumbura ya fito waje, sa'ad da babu sauran abin da likita zai yi sai ba da haƙuri.

Ba mu ga laifin iyayen nan ba. Mutanenmu sun ce barci ƙanin mutuwa ne, balle barcin da allura ta kawo. Talakan ƙasar nan kuma yana da dalilin yin ɗari-ɗari da takardar da aka miƙo masa ya dangwala yatsa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da ya haɗa yara 200, 11 daga cikinsu suka mutu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru a kan ko an gaya wa iyayensu gaskiyar abin da a ke yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma fa gudu ba ya warkar da ido. Abin da mu ke so ku riƙe a wannan mako shi ne, haɗarin barcin asibiti ya fi yawa a wajen rashin mai tsaro, ba a cikin kwalbar magani ba. Inda aka ajiye mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai duban numfashin yaro, da kayan aiki a hannunsa, da wuya ƙwarai a yi asara. Inda babu shi, maganin da ya fi kowane sauƙi ma yana kisa. Saboda haka ba ƙin barcin ya kamace mu ba. Abin da ya kamace mu shi ne mu tambayi wa zai yi gadi, mu kuma tambayi masu riƙe da baitulmali me ya sa ɗan talaka ba ya samun mai gadin nan a ko'ina.

Me ya sa ba za a duba idon yaro yana farke ba? Sau da yawa ana dubawa. Jinjiri sabon haihuwa a kan naɗe shi da zane, a ɗiga masa magani, a duba. Haka a ke yi wa bakwaini. Babban yaro ɗan shekara 6 ko 7 yakan ji lallashi. Masu wuyar su ne na tsakiya, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 4 ko 5, wanda ya yi ƙarfin kokawa amma bai yi wayon jin magana ba. Likita kuwa yana so ya buɗe fatar ido, ya haska fitila har can bangon ƙwayar ido na ciki, ya zaga kowane lungu, ya auna faɗin baƙin ido, ya auna ƙarfin ruwan da ke ciki. Yaron da ke tsala ihu yana matse ido, matsewar nan kaɗai takan ɗaga awon ya ba da lissafin ƙarya. Ku da ke kasuwa kun san ba a awo a sikelin da a ke girgizawa. In kuwa aka danne shi da ƙarfi, ƙarti huɗu a kansa, ba a ga abin da a ke nema ba, an kuma koya masa tsoron farar riga har girmansa.

Ɗaukar hoto ma haka ne. Na'urar da a ke kira MRI wani dogon bututu ne da a ke tura mutum ciki, tana ƙara kamar injin niƙa, kuma tilas a kwanta ba motsi tsawon minti 30 har zuwa awa guda. Yaro ya motsa kai sau biyu, hoto ya ɓaci, kuɗin da aka sayar da akuya aka biya ya tafi a banza. Wadda a ke kira CT ta fi sauri, sau da yawa ba ta bukatar barci, sai dai tana aiki da haske mai ratsa jiki, likitoci kuwa suna gudunsa ga yaron da a ke zaton yana da sankarar ido, gama yana iya ƙara masa haɗarin wata sankarar nan gaba. Sikanin irin na masu ciki, da a ke ɗora wa a kan fatar ido, shi ne mai sauƙi, amma ba kome ya ke nunawa ba.

To, bari mu tsaya a kan sankarar nan, don ita ce ta sa muka ɗauki alkalami. Likitoci suna kiranta retinobilastoma. Tana kama ƙananan yara, galibi 'yan ƙasa da shekara 5, kimanin yaro guda cikin kowane 15,000 zuwa 20,000 da aka haifa, watau wajen yara 8,000 a duniya kowace shekara. Alamarta ta fari wani farin abu ne mai ƙyalli a tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa in fitila ta haske shi da dare. Wani lokaci a hoton waya a ke fara ganinsa. Wani yaron kuma harara-garke ya kan fara. Ba zafi, ba kuka, yaro yana wasansa. Sai kaka ta ce hakiya ce, a ɗiga nono, a sa tozali. Maƙwabta su ce shafar iska ce, a nemo turare. Ciwon kuwa yana can yana bin jijiyar ido zuwa ƙwaƙwalwa.

Likitocin ido na ƙasashe da yawa sun haɗa kai suka bi sawun yaran da aka gano suna da wannan ciwo a shekarar 2017, yara fiye da 4,000 daga ƙasashe wajen 150. Abin da suka buga a 2020 da 2022 ya isa ya hana mai mulki barci. A ƙasashe masu arziki ana gano ciwon yaro yana da kamar wata 14. A ƙasashen da suka fi talauci sai ya kai wata 30. Bayan shekara 3, a ƙasashe masu arziki yara 99 cikin 100 suna nan da ransu. A mafiya talauci 57 kawai. Ciwo iri ɗaya, ɗan Adam iri ɗaya. Bambancin shi ne ranar da aka zo da kuma abin da aka tarar. Kuma wannan ciwo ba duba ɗaya a ke yi masa ba. In ana ƙoƙarin ceton ido, ko ana tsaron ɗaya idon kada shi ma ya kamu, a kan sa yaro barci a duba shi a kai a kai, da fari ma bayan kowane 'yan makonni. Wani irinsa gado ne, don haka ƙannen yaron su ma sai an duba su. Iyalin da ke tsoron barcin asibiti ba za su iya wannan doguwar tafiya ba.

Akwai kuma hawan jinin ido na jarirai, wanda mata kan yi wa kirari da dara-daran idanu, alhali ruwa ne ya taru yana buɗa ƙwayar idon. Yaro yana ta hawaye, yana ɓoye fuska daga rana. Akwai yanar ido da a ke haihuwar yaro da ita, wadda in ba a cire ta a watannin farko ba ido ba zai koyi gani sosai ba ko an cire daga baya. Dukansu sai an yi awo a natse.

Yanzu sai mu faɗi gaskiyar haɗarin, don ba mu zo yi wa kowa daɗin baki ba. Maƙogwaron ƙaramin yaro siriri ne, harshensa kuwa babba ne in an gwada da bakinsa. In barci ya yi nauyi, harshe ya faɗa baya, ko haɓa ta sauko kan ƙirji, hanyar iska ta toshe. Jikin yaro yana cin iska da sauri fiye da na babba, ajiyar huhunsa kuwa kaɗan ce, saboda haka abin da babba zai jure na 'yan mintoci yaro ba zai jure ba. Har wa yau, babu likitan da zai rantse maka iyakar zurfin barcin da magani zai kai yaro. An yi nufin gyangyaɗi, sai ya zarce. Gangara ce mai santsi, ba matakala ba ce da za a ce a tsaya a ta biyu.

A shekarar 2000 wani likitan Amurka, Charles Coté, da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan yara 95 da barcin magani ya zo musu da matsala. Yara 51 sun mutu, 9 sun sami lahani a ƙwaƙwalwa na har abada. Da suka tona, sai suka ga ba wani magani guda ne mai laifi ba. Kowane iri an same shi a ciki, na sha da na allura. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne an zarce awo, ko an gwama magunguna uku ko fiye, ko ba a sa ido ba, ko an ga matsalar amma babu wanda ya iya ceto. Yawancinsu da numfashi abin ya fara, ba da zuciya ba. Waɗansu ba a asibiti suka mutu ba, a mota ne ko a gida. Ga kuma abin lura: duk yaran da aka maƙala wa na'urar awon iska a cikin asibiti an cece su, amma a ɗakunan likitoci na waje, 4 cikin 5 da aka maƙala wa na'urar ba su tsira lafiya ba, domin na'ura ta yi kuka amma babu gwanin da zai amsa.

Sa'an nan ku dubi ɗaya gefen. A 2006 wata ƙungiyar asibitoci 26 masu tsari ta ƙidaya sau 30,037 da aka sa yara barci: ba a rasa yaro ko guda ba. A 2009 suka sake ƙidaya sau 49,836 da aka yi da wani magani mai ƙarfi, furofofol: nan ma ba mutuwa. Ba wai matsala ba ta taso ba. Ta taso, numfashi ya tsaya wa waɗansu, waɗansu sun yi amai, amma akwai mai gadi a tsaye, ya ɗaga haɓa, ya zuƙe majina, ya hura iska, aka wuce wurin. Furofofol ɗin nan kuwa shi ne ya kashe mawaƙin nan Michael Jackson a 2009, da likitansa ya ɗura masa a ɗakin kwana ba tare da kayan tsaro ba, ya kuma bar shi ya fita. Kotu ta ɗaure likitan a 2011. Duk kuɗin mutumin nan bai fanshe shi daga rashin mai gadi ba.

Wane ne mai gadin? Ba likitan ido ba ne, gama shi fuskarsa tana cikin idon yaro, fitilar ɗaki ma a kashe ta ke. Ba mai ɗaukar hoto ba ne, gama shi yana bayan gilashi yana duban allonsa. Direba ba ya tuƙi yana kuma riƙe da kayan da ke bayan mota, shi ya sa a ke ɗaukar yaron mota. Ƙa'idar da likitocin yara na Amurka suka fara rubutawa a 1985, suka yi ta gyara har zuwa 2019, ta ce in barcin mai zurfi ne tilas a sami mutum dabam wanda aikinsa kaɗai duban yaro ne, wanda kuma ya iya ceto in abu ya ɓaci. A gefensa a sami tukunyar iskar oksijin mai iska a ciki, ba fanko ba, da na'urar zuƙe majina, da jakar roba ta hura iska mai marufin fuska daidai fuskar yaro, ba ta babba ba. A kuma ɗora yaro a sikeli kafin a ba shi kome, don da nauyinsa a ke lissafin magani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan kam ba mu yarda da kimar ido ba.

Na'urar awon iskar nan, oksimita, 'yar ƙarama ce, a yatsa a ke maƙala ta, tana nuna yawan iskar da ke cikin jini, tana kuka in ta ragu. Wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Duk da haka a 2010 wani bincike ya kiyasta ɗakunan tiyata wajen 77,000 a duniya ba su da ita, a ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara kuwa fiye da rabin ɗakunan. Saboda haka aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011, ta riƙa rarraba mai ƙwari a kan dala 250. Sai dai kada a miƙa wa na'ura amana duka. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan sun nuna cewa ga baƙar fata takan nuna iska ta isa alhali ta ragu, kusan ninki uku fiye da yadda ta ke yi ga farar fata. Baƙin lalle a yatsa ma yana iya ruɗa ta. Ga shi kuma littattafan Turawa sun ce yaron da iska ta yanke wa yakan koma shuɗi, mu kuwa namu sai an duba leɓe da harshe. Duk wannan yana komo da mu wurin mutum mai ido da horo.

Ɗakin MRI yana da nasa sharaɗi, domin na'urar mayen ƙarfe ce babba, ba ta kuma barci ko ba a ɗaukar hoto. A 2001 a jihar New York wani yaro ɗan shekara 6 yana kwance a cikinta an sa shi barci, aka shigo da tukunyar oksijin ta ƙarfe, na'urar ta fizge ta, ta buge shi a ka, ya mutu. Don haka kayan gadi na ɗakin nan na musamman ne. Ku iyaye kuma, in an ce a cire laya, ko ɗan kunne, ko fil ɗin da ke jikin riga, ba raini ba ne.

Zancen magunguna ba za mu tsawaita ba, aikin masu shi ne. Akwai tsohon nan kuloral haidiret, na sha, mai ɗaci, wanda a ke sa mutane barci da shi tun 1869. Kamfanonin Amurka sun daina yin sa a 2012, amma ana amfani da shi a ƙasashe da dama. Aibinsa ba shi da makari, yakan kuma daɗe a jikin ƙaramin yaro, ya farka ya sake komawa. Duk da haka wani asibitin yara a Toronto ta Kanada ya buga a 2013 cewa ya yi duban ido sau 1,509 da shi, fiye da 95 cikin 100 aka gama lafiya, kuma ma'aikatan jinya masu horo ne ke riƙe da ɗakin. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Akwai ketamin, wanda asibitocin Afirka suka dogara da shi tun shekarun 1970 don ba ya cika danne numfashi, likitocin ido kuma suna son sa wajen awon ƙarfin ruwan ido domin ba ya saukar da awon kamar yadda maganin shaƙa ke yi. Amma yana kawo yawu, wani lokaci ya shaƙe maƙogwaro, shi ma sai da gadi. Akwai sababbi da a ke fesawa a hanci. In kuwa aikin babba ne, kamar na sankara, cikakken barci a ɗakin tiyata a hannun likitan barci shi ya fi.

Masu karatu a cikinku sun ji an ce maganin barci yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Asalin zancen shi ne, a Disamba 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan barcin da ya wuce awa 3, ko wanda a ke ta maimaitawa, ga 'yan ƙasa da shekara 3. Amma wani babban gwaji na jarirai 722, da aka buga sakamakonsa a 2019, ya nuna barci guda na kusan awa ɗaya bai rage musu kaifin hankali ba da suka kai shekara 5. Hukumar da kanta ba ta ce a fasa aikin da ya zama tilas ba. Sankara ba ta jiran yaro ya cika shekara uku.

To, namu rabon aikin fa? Na ɗaya, azumin da aka ce a yi wa yaro a yi shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci ba madarar gwangwani, awa 4 ba nonon uwa, awa 2 ba ruwa. Abinci mai maiƙo kuwa awa 8. Dalili, in ciki da abinci yaro ya yi amai yana barci, aman ya gangara huhu. Uwa ta ji tausayin kuka, ta laɓe bayan ɗaki ta ba shi koko, aka tambaye ta ta ce bai ci kome ba. 'Yar'uwa, in kin ba shi, ki faɗa. A ɗaga aikin zuwa gobe ya fi a ɗauki gawa yau. A faɗi kuma in yana mura ko tari, in yana minshari da dare, in yana da sikila, in bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, in yana farfaɗiya, in an ba shi wani jiƙo ko tsimi da safe. Likita ba zai kai ki ƙara ba, lissafinsa zai gyara.

Na biyu, kada kowa ya kuskura ya sayi maganin barci a kemis ya ba yaro a gida wai don ya isa asibiti a natse. Mun san ana yi, har a ranar biki da ranar doguwar tafiya ana yi. Phenergan da a ke ɗura wa yara, tun ƙarshen 2004 aka hana ba 'yan ƙasa da shekara 2 shi a Amurka saboda yana tsayar da numfashi. Maganin tari mai kodin Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a Mayu 2018. In ka ba da naka a gida, asibiti ta ɗora nata a kai ba ta sani ba, ka haɗa irin gwamin da Coté ya ƙidaya gawarwakinsa.

Na uku shi ne wanda littattafan waje ba su rubuta mana ba, don su kujerar mota su ke tsoro, mu kuwa goyo. An sallami yaro yana layi, uwa ta saɓa shi a baya, ta ɗaure zane, ta rufa mayafi ko hijabi a kansa, aka hau babur ko aka cusa cikin motar haya zuwa ƙauye. Kansa ya langaɓe, haɓa ta danne ƙirji, ita ba ta ganin fuskarsa, tana murna ya yi shiru. Ranar barcin asibiti ba ranar goyon baya ba ce. A rungume shi a gaba, fuska a buɗe, kai a miƙe, a zo mutum biyu don ɗaya ya zuba masa ido. Kada ma a bar asibiti sai ya farka sosai, ya gane uwarsa, ya sha ruwa, ya kuma iya zama a farke kamar minti 20 a wuri shiru ba tare da ana girgiza shi ba. In gari da nisa, gara a kwana kusa.

Mun faɗi namu, saura na masu mulki, wanda ya fi nauyi. Binciken ƙungiyar likitocin barci ta duniya da aka buga a 2017 ya nuna Nijeriya ba ta da likitan barci ko guda ɗaya cikakke ga kowane mutum 100,000, alhali ƙungiyar ta ce mafi ƙaranci a sami 5. 'Yan kaɗan ɗin da mu ke da su suna manyan birane, waɗansu kuma sun bi jirgi zuwa Ingila da Saudiyya. Asibitocin ido da aka sani, irin na ECWA a Kano wanda 'yan mishan suka kafa a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin koyarwa, ba za su ɗauke wa jihohi duka nauyinsu ba. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi; mu masu masaukin baƙi galibi ba mu kai 6 ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci ya ke fita. A 2023 kuwa an saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, kuɗin kowace guda ya isa ya sayi oksimita ɗari-ɗari.

Ba mu ce a jira sai an yaye likitoci dubu ba. Abin da aka yi a Toronto yana yiwuwa a nan: muna da ma'aikatan jinya masu horon sa barci, a ƙara yawansu, a koya musu aikin yara musamman, a ware musu ɗaki guda da rana guda a mako a babban asibitin kowace jiha, ƙarƙashin likitan barci. A fara da yara da safe, a daina sa ɗan shekara biyu azumi tun tsakar dare sa'an nan a kira shi bayan azahar cikin zafin bazara, jikinsa ya bushe, sukarin jininsa ya faɗi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa 'yan ƙasa da shekara 5 cikin masu rauni da asusun gwamnati zai ɗauki nauyinsu. To, a sa kuɗin barci da na hoto a ciki, don uba kada ya biya kati, ya biya hoto, sa'an nan a ce masa mai gadi kuma kuɗinsa dabam. Takardar yarda kuma a rubuta ta da Hausa, boko da ajami. Sau nawa 'yan'uwa ke kawo mana irinta ofis mu karanta musu, bayan sun riga sun dangwala yatsa!

Kafin a yi waɗannan, in likita ya ce sai an sa ɗanka barci, kada ka ce za ka je shawara. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Likita, wa zai tsaya a kan numfashinsa, ban da kai mai duba idon? Akwai abin maƙalawa a yatsa? Akwai iska a tukunya? An auna nauyinsa? Ina zai kwanta har ya farka?" Likitan kirki ba zai ji haushi ba, zai nuna maka su ɗaya ɗaya. In aka ce babu, ka roƙi takardar turawa zuwa inda akwai, ka kuma tafi a cikin makon nan, kada ka bari sai bayan kaka.